Abin da na tsinta a hirar masu tara tsakiya da tsofaffin saƙi a Marwa ta Kamaru

Hirar ta taso ne a gidan biki, da wata baiwar Allah ta fito da tsakiyar kakarta, wato duwatsun wuya. Shawarar da aka fi nanatawa ita ce a duba ramin da zare ke bi a jikin dutse kafin launinsa. Wanda ya daɗe a wuya, zare ya cinye bakin raminsa ya yi sulɓi. Sabo kuwa bakinsa da kaifi. Dutsen gaske da sanyi in an ɗora a kunci, gilashi kuma sau da yawa akan ga 'yan kumfa a cikinsa in an haska fitila. Wani dattijo mai saye da sayarwa ya tuna mana cewa jan dutsen aƙiƙ ɗin da ke hannun iyayenmu da yawa daga Kambat ta Indiya ya zo, wani kuma daga Idar-Obastain ta Jamus.

Koren dutsen nan da Sinawa ke ji da shi, jed, mafi tsadarsa daga Miyanma yake fitowa, amma akwai wanda ake rinawa ana cusa masa roba. Ni dai ba zan saya ta hoton WhatsApp ba.

"Hajiya, kada ki haɗa murjani da tsakiya a gwangwani ɗaya," in ji wata, don tsakiya ta fi tauri, tana karce shi. Turare da ruwan lemun tsami ma ɓata murjani suke yi.

Saƙi da rigar tsamiya kuwa, a shanya a inuwa, a riƙa sauya ninki don kada zare ya karye, a sa kafur saboda asu.