Man tsere mai dalma: wa ya taɓa ajiye shi ya daɗe a Kano?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ragowar man tsere mai dalma na Sunoco, a gwangwaninsa na ƙarfe, wanda nake zuba wa babur ɗina. An riga an buɗe shi, saura kamar rabi, ga bazara ta shigo. Waɗanda suka taɓa ajiye irinsa, me kuka gani? Zai kai bayan damina kuwa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, rana za ka fara tsoro. Sinadarin dalmar nan, wanda shi ke ɗaga okten ɗin man, wato ƙarfinsa na jure matsi ba tare da inji ya yi ƙwanƙwasa ba, hasken rana farfasa shi yake yi. Akwai yaron da ya kawo min irinsa a farar jarka, irin wadda 'yan bumburutu ke jerawa bakin titi, wai ta kwana biyu a tsakar gida. Da na ɗaga ta sama sai na ga launin man ya koɗe, wani gari-gari mai ruwan toka ya kwanta a gindi. Dalmar ce ta rabu da man, kuma ko ka wuni kana girgizawa ba ta komawa. Ya nace sai an zuba. Ana murɗa wa babur wuta injin ya kama ƙwanƙwasa, na ce a kashe. Injin tsere matsinsa ya yi yawa, irin wannan ƙwanƙwasar tana iya huda fistin.

Mai Gareji a Sharaɗa:
Baba ya faɗi gaskiya, amma ni iska ta fi damuna, don ko a ɗaki mai duhu tana aikinta. Fetur haɗi ne, kuma ɓangaren da ya fi saurin tashi shi ne ke sa inji ya kama da wuri. A Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, shago mai rufin kwano kuwa ya fi haka. Gwangwanin da ya yi rabi, da rana tururi ya cika shi ya kumbura, da dare ya lotsa, in murfin bai kama da kyau ba a haka ɓangaren nan mai saurin tashi yake gudu. Jarkar roba ma tururin ratsa ta yake yi ko an ɗaure bakin.

Abin da na sha gani a gareji shi ne babur ya ƙi tashi da safe, ka sunsuna tanki ka ji wari kamar na tsohon fenti. Ka kwance kafireta ka tarar da danƙo ruwan ƙasa ya toshe jet, 'yar kafar da mai ke bi, sai an jiƙa an busa da iska.

Ni nawa juye shi nake yi a ƙaramin gwangwanin ƙarfe ya kusa cika, in bar ɗan wuri saboda kumburi, in ɗora kan katako a lungun da ya fi sanyi. Masu yin man suna cewa wanda ba a buɗe ba yana kai shekara biyu. Naka da aka buɗe, ni dai ba zan bari ya zagayo wata bazarar ba.

Ɗan Hotoro:
Na gode Oga. Laimar damina fa?

Mai Gareji a Sharaɗa:
Duba jikin gwangwanin. In da itanol a haɗin, wato sinadarin barasa da ake gauraya wa fetur, yana jan ruwa daga iska. In babu, da sauƙi.

Ma'aikaciyar Jinya, Tarauni:
Malamai, ƙanena ma yana wannan harka, kuma a kan tiyo muka fi faɗa da shi. Don Allah kada wanda ya tsotsi man nan da baki, kada kuma a wanke hannu ko fulogi da shi, dalmarsa tana shiga ta fata. Ba banza duniya ta daina zuba ta a fetur ɗin motoci ba, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021. Mun kuma ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ta fito. A ajiye shi nesa da ɗakin yara da madafa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa:
Hajiya ta tuna min. Wanda ya lalace kada a ce bari a ƙarar da shi a janareton gida, hayaƙin iyali ne za su shaƙa. Motar zamani kuma dalma tana kashe mata na'urar tace hayaƙin salansa da sensar iska. Kwata ma ba wurinsa ba ce.

Ɗan Hotoro:
Oga, na duba, babu itanol. Baba, gobe in sha Allah zan ɗebo kaɗan a kwalba in kawo maka Ƙofar Ruwa ka duba launinsa kafin in juye.