Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: har da koyon yare?

Malamar firamare, Kumo: Assalamu alaikum. Jiya na ji wani magidanci ya kafa hujja da wannan karin magana ya hana matarsa shiga ajin yaƙi da jahilci, wai Turanci ya riga ya wuce ta. Abin ya tsaya mini a rai. Haka ake amfani da ita?

Dattijon Jekadafari: Wa alaikumus salam, 'yata. An ɗora wa maganar kayan da ba nata ba. Gargaɗi ne ga iyaye kada su yi sake da tarbiyya, ba bulalar dukan babba ba ce. Bahaushen da ya faɗe ta, shi ne dai ya ce gemu ba ya hana ilimi.

Ɗan Billiri: Baba, a gafarce ni, amma akwai gaskiya a cikinta. Tangale na tsotsa, sai da na kai shekara 15 na zo Gombe na kama Hausa sosai. Yau shekara 30 ke nan, in na ce ƙashi, mahauci kashi yake ji, kuma abin yana mini ciwo. Ƙirgen kuɗi ma da Tangale nake yi a zuciya, sannan in juya. Ɗana da aka haifa nan bai san wannan wahala ba.

Mai nazarin harshe, Tudun Wada: Kowa da gaskiyarsa, domin yare ba reshe ɗaya ba ne. Kunne ke fara bushewa: kafin jariri ya cika shekara ya fara daina rarrabe sautukan da ba na gidansu ba. Shi ya sa p da f ke rikita mu a Turanci. Nahawu ya fi jimawa da ɗanyantaka. A 2018 masu bincike Hartshorne da Tenenbaum da Pinker sun gwada mutum kusan 670,000 ta intanet, suka ga ƙarfin koyon nahawu na nan har wajen shekara 17, sai dai mai son ya yi daidai da wanda ya tsotsi yaren ya fara kafin shekara 10. Ma'anar kalmomi kuwa babba na ɗaukarta da kyau. Abin da yake rasawa sauri ne, don kalmar da aka koya da wuri ta fi saurin zuwa baki, ta baya sai an ɗan lalubo ta. Ƙirgenka ke nan, Yaya.

Dattijon Jekadafari: To Malam, lalube ai ba rashi ba ne. Matar nan so take ta karanta takardar asibiti ta duba aikin 'ya'yanta, ba labarai za ta karanta a rediyo ba.

Ɗan Billiri: Wannan na yarda, Baba. Da Hausar da na lalubo na aurar da 'ya biyu.

Malamar firamare, Kumo: Na gode, iyayena. Gobe in Allah Ya kai mu zan je gidan tare da gwaggon mijin, don maganarta yake ji.