Wane tsuntsu ne wannan a kan kauci?

Ɗan Doguwa:
Sallama gare ku, ya ku masana,
Ga tambaya na kawo daga gona.
Gefen dajin Falgore, da fitar rana,
Ɗan tsuntsu kan zo kan kauci ya zauna,
Bayansa kore shar, ƙyalli yake nunawa,
Ƙirji ja, gefe rawaya, jela mai miƙewa.
Kukansa siriri, ba ya son tsayawa.
Ku ba ni sunansa, manyan 'yan'uwa.

Baban Rano:
Ɗana, ina jin wannan kanari,
Mai rawaya, mai waƙa da sauri,
Wanda yara kan sa keji a gari.

'Yar Baturiya:
Baba, gafara dai, zan sa baki ɗaya:
Bakin kanari guntu, na fasa ƙwaya,
Ba shi da ja a ƙirji ko ɗaya.
Yaya, duba bakin in ya tsaya,
Siriri ne, ya lanƙwashe kamar ƙaya?

Ɗan Doguwa:
Haka yake, ƙanwa, kullum yana bin fure,
Ya soka baki, ya tsotsa, ya sake tsere.
Akwai wata mai duhun launi, suna tare,
Ba doguwar jela, ba ja, ba kore.

'Yar Baturiya:
To sha-kauci ne, ba ko tantama!
Waccan matarsa ce, ita ke fama,
Ita ke saƙa sheƙa, ta rataye sama,
Da ciyayi da yanar gizo ta gama,
Ƙofar a gefe take, ba ta sama ba.
Ƙwai ɗaya ko biyu, ba su da yawa ba.
'Ya'yan kuwa ba zuma zalla za su ci ba,
Ƙwari da gizo-gizo ake kai musu, Yaya.
Furen kauci a rufe yake, yana jiransa,
Shi ke buɗe shi, garin furen ya bi kansa,
Ya kai wa wani furen a yawonsa.

Malamin Kazaure:
Ku lura dai, akwai ɗan'uwansa ƙarami,
Ciki duk rawaya, shi ma sha-kauci,
Bakinsa gajere, shi ne alami.
Da rani yake ado, yana bin furen gawo,
Naka kuwa sai damina adonsa ke dawowa.

Baban Rano:
Ɗana, in ka ga sheƙar, ja bakinka,
Yara da danƙo na nan bayan dangarka.

Ɗan Doguwa:
Na gan ta jiya, Baba, a reshen tsamiya,
Reshen da na so sara don gyaran rumfar shanya.
Na fasa saran, zan sayo gora a Tudun Wada ran kasuwa.