Kalmar "bauta" ta raba zauren iyalan Inna

Jikar Inna: Assalamu alaikum. Zan faɗi abin da ke cina, wanda zai ji haushi ya ji. Kwana goma ke nan da rasuwar Inna, duk wanda ya buɗe baki sai "mai haƙuri ce, mai ibada ce". Gaskiya ne. Amma ban ji mutum ɗaya ya ambaci shekara 35 da ta yi tana aikin ungozoma ba. Matar da za ta dawo daga aikin dare ido jawur, ta tuɓe farin takalminta a bakin ƙofa, ta yi alwala ta yi sallar asuba, sannan ta tashi 'ya'ya takwas ta shirya su makaranta. Da albashinta rabin masu magana a nan suka yi karatu. Ta yi wa gidan nan bauta, yanzu an binne aikinta kamar abin kunya.

Baffa Babba: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Inna. Ke yarinya, gyara bakinki. Bauta? Allah kaɗai ake yi wa bauta. Je ki duba Suratuz Zariyat aya ta 56, ki ga don me aka halicci mutum da aljan.

Goggo: Haba Yaya, ka san ba wannan bautar take nufi ba. Mu da kullum ake ce mana mu yi haƙuri da bautar aure? Ranar ba ku ce a gyara baki ba.

Baffa Ƙarami: To idan ɗaya bautar ce ai abin ya fi muni. Wato mahaifinmu baiwa ya ajiye ke nan? Mutumin da ke kwance a kabari! Hidima ake cewa.

Jikar Inna: Baffa, Allah Ya huci zuciyarka, ni ban ambaci Malam ba. Maganar aikinta nake yi.

Baffa Ƙarami: Kin ambace shi a fakaice. Ba yara ba ne mu.

Goggo: Hidima ta baƙo ce, kwana biyu ya tafi. Abin da na gani da idona ya wuce hidima. Ni nake riƙe mata fitila tana wanki da tsakar dare, ku kuna barci.

Yaya Ustaz: Iyayena, a yi haƙuri. Aikin mace da ibadarta ba kishiyoyi ba ne. Nana Khadija 'yar kasuwa ce. Nana Zainab bint Jahsh jimar fata take yi da hannunta tana sadaka da abin da ta samu. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ita ke ciyar da dokin mijinta Zubairu, tana ɗebo ruwa, tana ɗauko ƙwallon dabino a ka daga gonarsa, kuma ta rayu har shekara 100. Tirmizi ya ruwaito cewa mafi alherin mutane shi ne wanda rayuwarsa ta yi tsawo aikinsa ya yi kyau. Inna ta yi 91, muna yi mata fatan shiga ciki.

Baffa Babba: 94 dai.

Yaya Ustaz: Baffa, 91 ne a takardar fanshonta.

Baffa Babba: Ni zan koya daga takarda shekarun uwata?

Auta: Ku duka biyun kuna da gaskiya fa. Shekarar Hijira kwana 354 ce, ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Duk shekara 33 sai a sami ratar shekara guda. 91 ɗin can ta kusa 94 a nan.

Baffa Ƙarami: Wa ya sa bakinka? Kai da Inna ta yi wata biyu a kwance sau ɗaya ka leƙo, shi ma kana ta latsa waya.

Auta: Baffa, jarrabawa nake yi lokacin.

Goggo: Tunda an zo nan, ina agogon nan nata da take maƙalawa a ƙirji tana ƙirga bugun jini da shi? Yana cikin ƙaramin akwati tare da carbinta. Carbin na nan, agogo ya yi ƙafa.

Matar Baffa Babba: Idan da ni kike, fito fili ki faɗa. Ni na share ɗakin, ban ga komai ba.

Goggo: Ban kama suna ba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Jikar Inna: Ikon Allah. Har yanzu ba wanda ya amsa min: me ya sa ba a faɗin aikinta?

Mai kula da zaure (ɗan Baffa Babba): Jama'a, ya isa haka. A taƙaice: an yi ittifaƙi cewa kalmar "bauta" kuskure ce, kamar yadda Baba ya yi bayani da hujja daga Alƙur'ani. Shekarun Inna 94, Auta ma ya tabbatar. Maganar aikin asibiti ba wanda ya musa, don haka ba ta buƙatar tattaunawa. Ya kamata wasu ƙanana su nemi afuwar manya, haka ma masu jifan mahaifiyata da zargi. Zan rufe zauren zuwa gobe.

Goggo: Wa ya yi ittifaƙin? Kuma kafin ka rufe, tambayi uwarka agogon.