Filastar liƙa ƙaramin makirfo a jikin 'yan wasa: abin da kowa ya gani a wurin aiki

Mai ɗaukar sauti, Gusau:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, ina neman kowa ya faɗi irin filastar da yake ɓoye ƙaramin makirfo da ita a jikin ɗan wasa, domin tun shigowar bazara abin da na liƙa da hantsi ba ya kaiwa azahar. Transpore nake amfani da ita, wato filastar roba mai ƙananan huji ta kamfanin 3M, saboda ana samunta a manyan kemis kuma tana yagewa da hannu, amma da zarar gumi ya taru a ƙarƙashinta sai bakinta ya ɗago, kuma duk motsin da jarumi ya yi sai na ji ƙarar robar a kunnena.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka ga laifin filasta, duba fatar da kake liƙa ta a kai. Yawancin 'yan wasa suna zuwa ne sun shafa basilin, kuma babu danƙon da ke kama maiƙo. Ni ina goge tsakiyar ƙirji da auduga da sifirit, in jira ya bushe sarai, sannan in liƙa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a nan, Hypafix ta fi yi mini aiki, domin ita ta yadi ce mai laushi, tana bin fata kuma ba ta ƙara. Ka kuma nannaɗe wayar ta yi ɗan zobe a ƙasan kan makirfon ka danne shi da wata filastar, ta yadda idan an ja waya, jan ba zai isa kan makirfon ba.

Mai haɗa sauti, Kaura Namoda:
Malam ya yi gaskiya, sai dai a ganina babbar matsalarmu shadda ce, ba gumi ba. Idan ka liƙa makirfo a fata, jarumi kuma ya sa gezna mai sitati, to makirfon yana tsaye wuri ɗaya rigar tana gogarsa, kuma wannan ƙarar babu editan da zai cire ta ba tare da ya ɓata murya ba. Abin da nake yi shi ne in mayar da makirfon da rigar su zama abu ɗaya. Ina yanka moleskin, filastar nan mai laushi kamar karan-miski da ake sa wa ƙafa don kada takalmi ya ci ta, in lulluɓe jikin makirfon in bar bakinsa a buɗe, sannan in manna shi a cikin rigar, kusa da maɓalli na biyu, da Topstick mai danƙo fuska biyu, wadda asali ta liƙa gashin kanti ce. Bayan haka sai in manne rigar da singileti a gefe da gefe, don kada su zame wa juna. Stickies, wato 'yan filastocin manna makirfo na kamfanin Rycote na Ingila, suna yin wannan aikin cikin tsabta, amma sai an yi odarsu, kuma a kasafin irin finafinanmu ba kowane furodusa ne zai yarda ba. Idan kuwa jarumin ya fito a matsayin basarake ne, na fi son in tura makirfon cikin naɗin rawani a saman goshi, domin duk inda ya juya kai muryar ba ta canzawa, babbar riga kuma ta yi ta kacau-kacau ɗinta can ƙasa.

Mai kula da sutura, Birnin Kebbi:
Yallaɓai, ku riƙa tuna cewa jikin mutum ake liƙa wa. Na ga jarumar da aka sa wa baƙin salatif na masu gyaran wuta, aka tashi aiki fatarta ta yi ja, danƙon kuma ya ɓata mata leshi. Ga mata, ni nake shiga ɗaki in liƙa da kaina, mai sauti yana waje yana saurare, kuma Micropore nake sawa, ta takarda, a tsakiyar rigar mama inda akwai ɗan fili tsakanin makirfo da tufafi. Ba ta da ƙarfin riƙo sosai, don haka ina sake ta a lokacin hutun sallah. Nakan tambayi kowa ko filasta tana sa shi ƙaiƙayi, kuma wajen cirewa ina danne fatar da yatsa in ɓare a hankali.

Mai ɗaukar sauti, Gusau:
Hajiya, na gode. Mako mai zuwa muna da ɗauka a gindin dutsen Kwatarkwashi, inda iska ke kaɗawa sosai, kuma na san filasta ba ta tare iska sai an rufe bakin makirfon da ɗan gashin nan na Overcovers. Zan so in ji daga wanda ya taɓa liƙa shi a ƙarƙashin hijabi mai santsi, ko yana fitowa a kyamara.