Muhawara: botom filet ɗin alminiyam da ya tsage, a yi masa walda ko a canza shi?

Mai mota: Assalamu alaikum iyayen gida. BMW Z4 ce gare ni, ƙirar 2004, mai injin M54 silinda shida. Kun san motar a ƙasa take. Shekaranjiya da dare na hau tudun rage gudu ban lura ba, sai na ji ƙwal daga ƙasa. Da safe na tarar baƙin mai ya kwanta a inda na ajiye ta. Mun hau rami, ashe botom filet ne, wato kaskon man da ke ƙasan inji, ya tsage kusa da notin zubar da mai, tsawon ɗan yatsa. An ce min alminiyam in ya sha baƙin mai ba ya ƙara karɓar walda, sai canji. Haka ne?

Baba bakanike: Wa alaikumus salam ɗana. Gaskiya aka faɗa maka. Cire kaskon nan a motarka aikin wuni guda ne. Sai an rataye inji daga sama, an kwance kujerunsa, an sassauta ƙarfen da ke ɗauke da ƙafafun gaba an sauke shi kaɗan, sannan ya zaro. Ka sha wannan wahala ka mayar da abin da aka ɗinke? In ya sake tsatsafowa ka biya kuɗin aiki sau biyu. Je ka kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka nemo na Beljiyam.

Mai walda: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Ba alminiyam ne ke ƙin walda ba, gaggawa ce ke ɓata aikin. Kaskon zubi ne, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, mai ya shige ciki shekara da shekaru. Da ka sa wuta sai man ya taso, waldar ta yi baƙi, ta yi ramuka kamar saƙar zuma. Maganinsa a wanke, a ɗumama, a goge, a sake ɗumamawa har mai ya daina fitowa. Sannan a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar ta kowane ɓangare don kada ta ci gaba, a fafe bakinta, a kankare da buroshin silba wanda bai taɓa wani ƙarfe ba.

Ɗan koyo: Oga, me zai hana a juye man, a goge, a shafa gam ɗin Araldite daga waje? Ba sai an sauke komai ba.

Baba bakanike: A'a yaro. Wannan dabarar kai mota gida ce in dare ya yi maka a hanya. Lita 6.5 na mai injin nan ke sha, kuma rayuwarsa ke nan. Gam ya saki kana gudu, kafin ka ankara da jar fitila metal, wato beyarin cikin inji, ya ƙone, inji ya buga.

Mai walda: A nan kam bakinmu ɗaya da Baba. Ko an juye mai, wanda ya maƙale cikin tsagar zai ci gaba da jiƙa gam ɗin daga ciki.

Baba bakanike: To amma ka faɗa masa ɗayan. Na taɓa karɓar kasko daga hannun wani mai waldar gas, ɗinkin ya yi kyau a ido, muka ɗora da sabon gasket, mai ya riƙa bin gefe. Da na aza rula a bakinsa sai ga haske yana wucewa. Zafi ya murɗe shi.

Mai walda: Shi ya sa ba na gas ake yi ba, Baba. Alminiyam na narkewa a digiri 660, amma fatar da ke samansa sai ta haura 2,000. Kuma ba ya yin ja kamar baƙin ƙarfe ya gargaɗe ka, sai dai ka ga ya rufta. Waldar argon ce ke fasa fatar nan ta tara zafi wuri guda. Ni kan ɗaure kaskon da notuna a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai kauri, ba na kwance shi sai ya huce da kansa. Na Beljiyam ɗin ma ai ba a san tudun da ya hau ba. Kuma ba kowane na M54 ne zai shiga ba, na motar BMW X5 an yi masa hanyar da shaf ɗin tayar gaba ke ratsawa.

Baba bakanike: In tsagar ta kai bakin da gasket ke zama, ko ta ci zaren notin?

Mai walda: Nan ni ma ba na taɓawa. A canza.

Mai mota: Na sake leƙawa da tocila. Ba ta kai baki ba, tsakaninta da notin kuma akwai kamar yatsa biyu.

Mai walda: To tana gyaruwa. In an gama a shafa jiƙaƙƙen alli a waje, ya bushe, a zuba kananzir a ciki ya kwana. Ko ƙofar allura ce, allin zai nuna.

Baba bakanike: Ni dai da tawa ce canzawa zan yi, amma in ya ci jarabawar kananzir ba zan hana ka ba. Tunda kaskon zai sauka, ɗana, a duba notin famfon mai. A injin nan yakan sassauta, kuma zarensa na hagu ne, kada yaro ya juya shi yadda ya saba. Sabon gasket dole, notunan kasko kuma a ɗaure su a hankali, ƙanana ne.

Mai mota: Na gode Baba, na gode Oga. Gobe in Allah ya kai mu za mu sauke shi, a wanke, in turo muku hoton tsagar ta ciki kafin a sa wuta.