Abin da na tsinta a hirar resor ɗin supap

Jiya bayan la'asar a garajinmu nan Garwa hira ta ɓarke kan injin Chevrolet 350, mai lita 5.7 ɗin nan da 'yan tsere na Amurka ke so, wane resor, wato sifirin da ke mayar da supap ya rufe, ya dace da supap ɗinsa, wato bawul ɗin da ke buɗe wa iska da mai hanyar shiga da hayaƙi hanyar fita, na ce bari in tattaro muku.

Maigidanmu ya ce kada ka fara da resor, fara da kam, wato sandar nan mai ƙulu-ƙulu da ke juyawa tana buɗe supap, takardar da ke zuwa da kam ɗin ce za ta gaya maka nisan da yake danna supap da ƙarfin resor da yake buƙata. In resor ya yi laushi, da injin ya hau gudu sosai supap ba ya samun rufewa kan lokaci, ƙarfi ya zube, wani sa'in ma fistan ya doke shi. In ya yi tauri kuma sai ya cinye bakin kam, musamman irin wanda ba rola ba, wato wanda abin da ke bin bakinsa ba shi da 'yar taya mai mirginawa.

Inda aka fi daɗewa shi ne awo. In supap ya buɗe ƙarshe, dole a bar wa zoben resor sarari kamar milimita 1.5 kafin su manne, na taɓa ganin wanda ya manne, sandar da ke kai turin kam zuwa supap ta lanƙwashe kamar bakin lauje wallahi abin tausayi. Ka auna tsayin kowane resor bayan ka ɗaura, ka daidaita da washa, wato siririn zoben ƙarfe da ake sawa ƙarƙashinsa.

Sabon kam mara rola kuwa, in resor biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, cire na ciki, injin ya yi minti 20 zuwa 30 yana juyi wajen 2000 zuwa 2500 a minti, sannan ka mayar. Kuma bari inji ya ɗumama kafin ka taka, resor mai sanyi saurin karyewa yake.